Baƙar Laraba: Tarihin Hamayyar Hearts da Kotoko da Musibar Filin Akra

Cikin dukan ranakun da ma'abota ƙwallon ƙafa na ƙasar Gana suke riƙe da su a zuci, da na ɗaukar kofi da na shan kashi, babu wadda manya suke sassauta murya idan za su ambace ta kamar Laraba, 9 ga watan Mayu na shekarar 2001, ranar da dubban jama'a suka rufe shaguna da wuri suka nufi babban filin wasa na birnin Akra domin kallon karawar Hearts of Oak da Asante Kotoko, aka kuma wayi gari mutum 126 daga cikinsu suna kwance a ɗakunan ajiye gawa, ana jiran dangi su zo su shaida fuskokinsu. Kafin wannan rana ba a taɓa jin asarar rayuka mai yawan haka a wani filin ƙwallo na nahiyar Afirka ba. Masu ba da labari daga nesa sukan taƙaita al'amarin, su ce gabar magoya baya ce ta ci mutane, su shafa fatiha su tashi. Amma waɗanda suka tsaya a kan benayen filin a wannan maraice, suka shaƙi abin da aka shaƙa, suka ɗauki gawawwakin maƙwabtansu a kafaɗa, labarinsu ya fi wannan tsawo, kuma ya cancanci a saurare shi da natsuwa, domin yana rarrabe tsakanin abin da ya ta da fitina da abin da ya yi kisa, alhali kuwa rashin wannan rarrabewa shi ne ya sa musibar take ta maimaituwa a ƙasashe dabam-dabam har zuwa yau.

Ba za a fahimci zafin hamayyar nan ba sai an koma zamanin da ake kiran ƙasar Gwalkwas, tana ƙarƙashin Turawan Ingila. Wasan ƙwallo ta bakin teku ya shigo, a hannun ma'aikatan jiragen ruwa da malaman makaranta, har aka kafa ƙungiya ta farko a Cape Coast a shekarar 1903. Akra kuwa tun 1877 ta zama mazaunin Gwamna, nan ofisoshi suke, nan akawuna da 'yan boko suka taru, don haka ba abin mamaki ba ne da samarin birnin suka kafa tasu ƙungiyar ranar 11 ga Nuwamba 1911, suka raɗa mata suna Hearts of Oak, wadda a yau ita ce mafi tsufa cikin ƙungiyoyin ƙasar da suke raye. Tun daga tushe ta ɗauki halin babban birni, da alfaharinsa da ganin cewa ita ce a gaba, tana sanye da ja da rawaya da shuɗi, magoya bayanta kuma suna taƙama da cewa ba sa fid da rai har sai alƙali ya hura usur na ƙarshe.

Kumasi kuwa, garin Kotoko, wani irin gari ne, mai tsohuwar sarauta da tsohon miki. Turawa sun ƙone shi a 1874, sun kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 suka kai shi gudun hijira, sun kuma murƙushe boren Yaa Asantewaa a 1900, ba a maido wa Asante haɗaɗɗiyar sarautarsu ba sai a farkon 1935. A cikin wannan shekara ɗin, ranar 31 ga Agusta, wata ƙungiyar samari da ta daɗe tana sauya suna ta sami izinin Sarki Prempeh na Biyu ta ɗauki sunan Asante Kotoko, wato beguwa, dabbar da take tambarin mayaƙan Asante, tare da kirarinsu na cewa in ka kashe dubu, wata dubun tana tafe. Saboda haka tun ranar da aka haife ta, Kotoko ta wuce matsayin taron 'yan wasa goma sha ɗaya. Ta zama tutar al'ummar da aka ci da yaƙi amma ba ta yarda an karya ta ba, kuma duk sa'ad da ta sauka Akra ta doke 'yan birni, mutanen Kumasi sukan ji kamar an rama musu wani abu da ya girmi ƙwallo.

Siyasa ta zo ta ƙara wa wannan gishiri. A shekarun neman mulkin kai, wata jam'iyya da aka kafa a Kumasi a 1954 ta nemi a yi tarayya, kowane yanki ya riƙe ikonsa, Kwame Nkrumah kuwa ya tsaya kan dunƙulalliyar ƙasa mai cibiya a Akra, shi ne kuma ya yi rinjaye har aka sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957. Da aka tsayar da gasar ƙasa baki ɗaya, Hearts ta ɗauki kofin 1958, Kotoko ta karɓe shi a 1959, aka ɗora harsashin karɓa-karɓar da ta wanzu. Sa'an nan a farkon shekarun 1960 gwamnati, ta hannun daraktan wasanni Ohene Djan, ta kafa tata ƙungiyar mai suna Real Republicans, ta tsamo gwanaye daga sauran ƙungiyoyi ta zuba a ciki, cikinsu har da Baba Yara, ɗan wasan gefe wanda Kumasi take ji da shi kamar ƙwayar ido. A cikin tafiyar wannan ƙungiya ne ya yi haɗarin mota a 1963, ya sami rauni a ƙashin baya wanda bai sake tashi daga gare shi ba har Allah Ya karɓi ransa a 1969, kuma sunansa ne babban filin Kumasi yake ɗauke da shi yanzu. Ƙungiyar gwamnati ta watse bayan juyin mulkin 1966, amma zaton nan na cewa masu iko a Akra suna da hannu a sha'anin ƙwallo, suna karkatar da alƙalai, suna danne Kumasi, bai watse tare da ita ba. Ya zauna a zukata, uba yana gadar wa ɗa.

A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye, domin zangunan Hausawa da sauran Musulmin Gana ba 'yan kallo ba ne a wannan hamayya, suna tsakiyarta. Fataucin goro ne ya kai kakanninsu Gwanja, da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892 kuma suka bazu zuwa Kumasi da Akra da sauran garuruwa, suka kafa unguwanni inda Hausa ta zama harshen ciniki da na masallaci. Daga lungunan waɗannan unguwanni, inda yaro ke koyon yanka da ƙwallon tsumma tsakanin kwata da bango, manyan 'yan wasa suka fito: Ibrahim Sunday na Kotoko, wanda aka zaɓa gwarzon Afirka a 1971, Karim Abdul Razak, shi ma na Kotoko, gwarzon 1978, da Mohammed Polo ɗan unguwar Nima ta Akra, wanda ya sa magoya bayan Hearts suka riƙa tashi tsaye duk lokacin da ƙwallo ta taɓa ƙafarsa ta hagu. Don haka a gida ɗaya a Nima ko Mamobi sai ka tarar wa ɗan Hearts ne, ƙane ɗan Kotoko, su yi sahu ɗaya a sallar Magariba, su fito su ci gaba da musu a bakin mai shayi. Kotoko tana da ɗimbin mabiya a zangunan Akra, waɗanda ba Asante ba ne, ba su kuma taɓa zama a Kumasi ba, sai dai son ƙungiyar ya shige su tun suna yara.

Idan ka zauna da dattawan magoya baya, abin da suka fi son tunawa shi ne daɗin abin: yadda gari yake ɗaukar harama tun ana saura mako, yadda motocin haya suke cika daga Kumasi tun asuba da ganguna da jajayen tutoci, yadda wanda aka ci ƙungiyarsa yakan kwana biyu yana zagaye hanya don kada ya bi ta gaban shagon abokin tsokanarsa. Shekara da shekaru 'yan Kotoko suna da makamin da ba a iya amsa shi, domin sun ɗauki kofin zakarun Afirka na 1970 a Kinshasa, suka sake ɗauka a 1983 a kan Al Ahly ta Masar da ƙwallon Opoku Nti, alhali Hearts ta kai wasan ƙarshe a 1977 da 1979 ta dawo hannu rabbana. Sai su ce wa 'yan Akra, ku zakarun gida ne kawai, in an tsallaka iyaka sai a nemo mu. Amma dattawan nan, in sun yi adalci, sukan ambaci ɗaya fuskar: jifan alƙali da duwatsu, tare motar baƙi a hanya, zargin asiri da binne layu a raga, da wannan mugun zato na cewa ba a taɓa cin ƙungiyarka da gaskiya sai da maguɗi. Abin da malamai suke kira ta'assubanci ke nan, wato mutum ya goyi bayan nasa ko da gaskiya ko babu, kuma shi ne busasshen itacen da ya daɗe a jibge yana jiran ashana.

Shekarar 2000 ta sauya ma'auni. Hearts, ƙarƙashin mai horarwa Cecil Jones Attuquayefio, da 'yan wasa irin su Ishmael Addo da Emmanuel Osei Kuffour da Charles Taylor da mai tsaron gida Sammy Adjei, ta haɗa kofin gasar ƙasa da na ƙalubale da na zakarun Afirka a shekara guda, tana kuma tsakiyar jerin nasarar da ta kai shekara shida a jere, daga 1997 zuwa 2002. Kotoko kuwa rabonta da kofin gasa tun 1993, ga shi kuma an ƙwace mata abin gorin da ya rage. Sai dai a ranar da Hearts ta ɗauki kofin Afirka, 17 ga Disamba 2000, a wasanta da Espérance ta Tunisiya a wannan fili na Akra, an ga ishara wadda da an yi aiki da ita da an tsira: 'yan kallo sun yi jifa saboda wani hukunci, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, hayaƙi ya turnuƙe har wurin zaman manyan baƙi, aka tsayar da wasa na tsawon lokaci. Allah Ya kiyaye ba a kwashi gawawwaki ba, sai aka ɗauki abin ya wuce. Bayan wata huɗu, ranar 11 ga Afrilu 2001, mutum 43 suka mutu a turmutsitsi a filin Ellis Park na Johannesbag, a wasan Kaizer Chiefs da Orlando Pirates, labari ya zaga duniya. Kunne ya ji sau biyu, amma jiki bai tsira ba.

Ranar Laraba ɗin filin ya cika maƙil. Kotoko ce ta fara ci bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, ta ƙafar Lawrence Adjei, ɓangaren jajayen riguna ya ɗauki sowa, mutanen da suka shekara takwas suna haɗiye gori suka ga alamar yau za su kwana da dariya. Can wasa ya doshi ƙarshe, Ishmael Addo ya farke, ba a jima ba kuma ya ƙara ta biyu, aka koma biyu da ɗaya. Magoya bayan Kotoko suka tsaya kai da fata cewa akwai satar gida, alƙali ya ƙi gani ne da gangan, sai wasu daga cikinsu suka shiga ɓalle kujerun roba suna wurgawa kan hanyar tsere da ta kewaye filin, tare da robobin ruwa da kwalabe. Wajibi ne a tsaya a nan a lura da abu guda: jifan nan fili ya nufa, ba a yi arangama tsakanin 'yan Hearts da 'yan Kotoko a kan benaye ba, ba wanda ya zare wuƙa ya bi abokin hamayya. Ɓarna ce ta dukiya, abin zargi ƙwarai, amma irin wadda ake kashewa da haƙuri, ko a bar masu yi su gaji, ko a kama su ɗaya ɗaya bayan an watse.

Maimakon haka sai 'yan sanda suka juya bindigoginsu sama, suka harba gwangwanayen barkonon tsohuwa cikin benen da yake cike da mutane, suka kuma ci gaba da harbawa bayan masu jifa sun daina. Wanda bai taɓa shaƙar wannan hayaƙi ba ba zai san abin da yake yi wa ɗan Adam ba: ido ya rufe da raɗaɗi, maƙogwaro ya shaƙe, ƙirji ya ɗauki zafi, hankali ya gushe, ba abin da ya rage a zuciya sai neman iska. Dubban mutane suka juya lokaci guda suka nufi matakalan sauka, matakalan kuwa suna tsukewa ne kamar mazurari zuwa ƙofofin ƙarfe, waɗansu ƙofofin kuma a kulle suke. Na gaba suka isa ƙofa suka tarar ba hanya, suka juyo suna ihu a koma baya, amma na sama ba sa jin su, ba sa ganin su, hayaƙi ne kawai yake korar su, sai suka ci gaba da dannowa. Wanda ya yi tuntuɓe bai sake tashi ba, wani ya faɗa a kansa, wani a kan wancan, har mutane suka yi tsibi a kan matakala. Waɗanda ke tsaye ma ba su tsira ba, domin idan nauyin jama'a ya matse ƙirji, in mutum ya fitar da numfashi ba ya samun sararin jawo wani, sai ya cika a tsaye, kafaɗarsa tana jingine da ta maƙwabcinsa. Binciken likitoci ya nuna 116 daga cikin mamatan wannan matsewar ce ajalinsu, 10 kuma raunuka ne.

Da hayaƙi ya lafa aka sami buɗe ƙofofi, babu isassun motocin asibiti, babu ma'aikatan jinya da za su tari abin da ya faru. 'Yan kallo ne da kansu suka zama masu ceto, mai rigar Hearts ya rungumi mai rigar Kotoko yana yi masa firfita da kwali, aka tsayar da tasi da motocin gida ana cusa mutane, rayayye da matacce a kujera ɗaya, ana kai su asibitin soja da ake kira 37 da sauran asibitocin birni. Shugaban Kotoko na lokacin, Herbert Mensah, yana cikin waɗanda suka sa hannu a ɗaukar mutane a daren. Saboda ruɗewa da yawan gawawwaki, har an kwantar da wani mai sauran numfashi cikin matattu a ɗakin ajiye gawa, bai farfaɗo ba sai da wani ya taka masa ƙafa, labarin da ake bayarwa har yau a zangunan Akra domin tuna cewa wanda kwanansa bai ƙare ba ko a cikin matattu aka ajiye shi zai tashi.

Gari ya waye iyaye mata suna tsaye a ƙofar asibiti riƙe da hotuna. Da yawa daga cikin mamatan Musulmi ne 'yan Nima da unguwannin da ke kewaye da ita, samari masu ƙarfi, direbobi da makanikai da 'yan tireda, waɗanda gidaje suka dogara da abin da suke kawowa da yamma. Dangi suna roƙon a ba su gawa su yi mata sutura ba tare da jinkiri ba kamar yadda addini ya tanada, hukuma kuma tana cewa sai an gama shaida da bincike, wannan jiran ya ƙara wa miki gishiri. Aka yi ta jera makara ana sallar jana'iza, lungu ɗaya a yi zaman makoki a gida biyu ko uku. Bayan an dawo daga maƙabarta fushin samari ya ɓarke, suka nufi ofishin 'yan sanda na Nima, sai da aka ƙaro jami'an tsaro, manyan unguwa da malamai kuma suka yi ta ba da baki, kafin ƙura ta kwanta. Shugaban ƙasa John Agyekum Kufuor, wanda bai fi wata huɗu da hawa mulki ba, wanda kuma shi kansa ya taɓa shugabantar Kotoko, ya sa aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa duka, ya kafa hukumar bincike ƙarƙashin lauya Sam Okudzeto.

Hukumar ta saurari shaidu, ta kuma ɗora mafi nauyin alhaki a kan 'yan sanda, bisa hujjar cewa sun wuce gona da iri, sun yi harbi ba kan gado. Ta kuma ambaci laifin ginin filin, da kullen ƙofofi, da rashin tanadin agajin gaggawa. Aka gurfanar da manyan jami'an 'yan sanda shida bisa tuhumar kisa ba da niyya ba, amma a 2003 kotu ta sallame su, ta ce masu gabatar da ƙara ba su kafa hujjar da za ta sa a nemi su kare kansu ba. Aka buɗe asusun taimakon iyalan mamata da karatun marayunsu, aka sake gina filin kafin gasar kofin Afirka ta 2008, aka kuma kafa mutum-mutumin tagulla a harabarsa, siffar wani ɗan kallo ɗauke da ɗan'uwansa, da rubutu mai tunatar da cewa kowa mai tsaron ɗan'uwansa ne. Amma har yau babu mutum ɗaya da shari'a ta ce shi ne ya ɗauki alhakin rai ko guda daga cikin 126, wannan kuwa shi ne abin da zawarawa da marayun ranar suka kasa haɗiyewa.

Idan aka tambayi magoya baya yau, ɗan Kotoko zai fara da alƙali da ƙwallon da yake rantsuwa satar gida ce, ɗan Hearts zai fara da kujerun da aka ɓalle, amma da zarar labari ya iso kan matakala sai bakinsu ya zo ɗaya, domin dukansu sun ga wanda ya harba, sun ga ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Malaman fiƙihu, a babin lamuni da diyya, sun daɗe da rarrabe tsakanin mai sababi da mai aikatawa da hannu, suna buga misali da wanda ya haƙa rijiya a kan hanya da wanda ya tura mutum cikinta, kowanne da gwargwadon abin da yake wuyansa. A Akra, wanda ya kulle ƙofa ya bar matakala a tsuke shi ya haƙa rijiyar, wanda ya harba hayaƙi cikin jama'a shi ya yi turin, mai jifa da kujera kuwa shi ya ba da dalilin da aka fake da shi. Ba za a wanke shi ba, domin da ya riƙe hannunsa da la'alla an watse lafiya. Amma zalunci ne a ɗora masa jinin duka, a bar wanda aka ba amanar tsaron rayuka, aka ba shi makami da albashi domin haka, ya tafi da farar riga.

Tarihin wasu ƙasashe yana ƙarfafa wannan hukunci. Gaskiya ne akwai ranar da gaba tsagwaronta ta yi kisa, kamar a filin Heysel na Brasels ranar 29 ga Mayu 1985, inda wasu magoya bayan Liverpool suka afka wa ɓangaren da 'yan Juventus suke, bango ya rushe, mutum 39 suka mutu, aka kori ƙungiyoyin Ingila daga gasar Turai shekara biyar. Amma a Lima ta ƙasar Peru, ranar 24 ga Mayu 1964, inda fiye da mutum 300 suka halaka, ƙwallon da aka soke ce, sai barkonon tsohuwa, sai rufaffun ƙofofi, tamkar an rubuta wa Akra darasi shekara 37 kafin ranarta. A filin Hillsborough na Ingila, ranar 15 ga Afrilu 1989, 'yan sanda sun ɗora wa 'yan kallo laifin mutuwar da ta kai mutum 97, iyalai suka yi shekara 27 suna fafutuka kafin masu taya alƙali hukunci su tabbatar a 2016 cewa magoya baya ba su da laifi, sakacin hukuma ne. A filin Kanjuruhan na Indonesiya kuwa, ranar 1 ga Oktoba 2022, an ma hana magoya bayan baƙi zuwa gaba ɗaya saboda tsoron rikici, duk da haka mutum 135 suka mutu, domin an harba hayaƙi cikin benaye, mutane suka cushe a ƙofofi, alhali dokokin tsaro na hukumar FIFA sun haramta amfani da irin wannan hayaƙi a filin wasa. Inda babu abokin gaba ko ɗaya aka yi wannan asara, to, a bayyane yake cewa gaba ba ita kaɗai ce mai kisa ba.

Hearts da Kotoko sun nuna daga baya cewa ana iya hamayya mai zafi a tashi lafiya. A watan Janairu 2005 su biyun suka haɗu a wasan ƙarshe na sabon kofin Confederation na Afirka, aka yi kunnen doki ɗaya da ɗaya a Akra, aka maimaita a Kumasi, Hearts ta ɗauki kofi da bugun fenareti takwas da bakwai a gaban jama'ar Kotoko, mutane suka koma gida da baƙin ciki ko farin ciki, amma da ƙafafunsu. Kowace shekara ranar 9 ga Mayu ana taruwa a yi addu'a, a ajiye furanni, a yi tattaki a ziyarci iyalai, Herbert Mensah kuma ya lizimci raya wannan rana shekara da shekaru. Duk da haka ba za a ce an warke ba: akwai waɗanda suka yi rantsuwa ba za su sake taka filin wasa ba, suka kuma cika; a watan Fabrairu 2025 ma an daɓa wa wani sanannen mai goyon bayan Kotoko wuƙa har lahira a garin Nsoatre yayin wani wasan gasa, har aka dakatar da gasar na wani lokaci. Ta'assubanci yana nan da ransa, kuma duk tsarar da ta taso ba ta ga matakalan Akra ba tana bukatar a ba ta labari.

Abin da ya wajaba a kan mai goyon baya shi ne ya san cewa wanda ke sanye da rigar ɗaya ɓangaren maƙwabcinsa ne, jininsa da mutuncinsa haramun ne a gare shi ranar wasa kamar yadda suke ranar Juma'a, ya kuma san cewa dutsen da ya jefa yana iya zama hujjar da wani zai riƙe ya halaka mutum ɗari. Abin da ya wajaba a kan hukuma ya fi wannan nauyi, kuma ƙididdigagge ne: kada a sayar da tikiti fiye da abin da fili zai ɗauka, kada a kulle ƙofa alhali akwai rai a ciki, kada barkonon tsohuwa ya shiga filin wasa ko da wane dalili, kada likita da motar asibiti su tafi sai ɗan kallo na ƙarshe ya fita, in kuma an yi sakaci rai ya salwanta, a sami wanda zai amsa a gaban shari'a komai girman muƙaminsa. Wannan magana ta shafi Akra da Kumasi, ta kuma shafi Kano da Kaduna da Yamai da duk garin da jama'a ke cika fili domin ƙungiyar da suke so. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya raya marayunsu, Ya ba shugabanni ikon riƙe amanar da aka ɗora musu.